WADARI DA JAN KUNKURU

Sa'ad da Edita ya aiko cewa ko wane ɗalibi ya rubuto wani abin da hannunsa ya taɓa yi, na daɗe ina tunani, gama abin da na sani kaɗan ne. Daga baya na tuna da shekaru uku da na yi ina yi wa kawuna hidima a rumfar saƙarsa, tsakanin tashinmu daga makarantar allo da hantsi da komawarmu da azahar. Ban zama masaƙi ba, amma na sha tafiya tsakanin turaku, na sha ɗaukar kunkuru, har na taɓa ɓata zaren da mata huɗu suka yi wata da watanni suna kaɗi. Saboda haka a kan waɗannan abubuwa biyu zan yi magana, watau wadari da kunkuru. In akwai ɗan masaƙi cikin masu karatu wanda ya ga na yi kuskure, sai ya gyara mini, ba zan ji haushi ba.

In mutum ya tsaya bakin rumfar masaƙi, abin da idonsa ke kamawa shi ne ƙoshiya tana shiga tana fita, ƙafafu suna hawa suna sauka, matsefi yana bugu. Sai ya ce ai saƙar ke nan. Shi kuwa masaƙi ya san an riga an yanke wa tufar hukunci tun kafin ƙoshiya ta motsa. Zaren da ƙoshiya ke ɗauke da shi, watau abawa, bin zaren tsaye kawai ya ke yi. In zaren tsaye ya zo da tsawo ɗaya da tauri ɗaya, ko almajirin da ya shekara ɗaya a rumfa ya fid da tufa mai kyau. In kuwa wani ya ɗara wani, ko sarkin masaƙa aka kira sai dai ya yi ta ƴan dabaru har zaren ya ƙare. Tun ran gini tun ran zane.

Bari in fara da siffar abin, domin waɗanda suka tashi inda babu masaƙa. Masaƙi yana zaune cikin rumfa, a gaban cikinsa akwai wani icce a gicciye, shi ne takala, a jikinsa a ke naɗe abin da aka saƙa. Gaba da takala sai matsefi, mai haƙora kamar na taje kai, shi ke buga abawa ta zauna. Gaba da shi sai allera guda biyu, ko wace tana riƙe da rabin zaren. In ya taka ƙafar dama rabi ya sauka rabi ya hau, in ya taka ta hagu su juya, ta tsakaninsu ƙoshiya ke wucewa. Daga allera zaren ya bi ta kan wani iccen a bakin rumfa, ya miƙe waje cikin fili, ya gangara har ya kai ga wani guntun katako da ke kwance a ƙasa da dutse a bisansa. Wannan shi ne kunkuru, a kansa kuma sauran zaren ya ke a dunƙule. Irin wannan saƙa Nufawa ke yi a Bida, da Yarabawa a Ilori da Iseyin, da Asante a ƙasar Gana, kowa da sunan da ya ke kiran kayansa. Ba kuwa sabon abu ba ne, gama cikin kogon duwatsun Bandiagara a ƙasar Mali an tono tufafin da aka ɗinka da irin waɗannan tsirarai tun wajen ƙarni na 11. Saƙar mata ta tsaye dabam ta ke: zarenta gajere ne, kewaya itatuwa biyu ya ke yi, ba ta bukatar kunkuru, don haka ba ta cikin zancenmu.

To, me ya sa zaren maza ke da tsawo haka? Dalili shi ne abin da su ke saƙawa siriri ne. Tsiri ɗaya, wanda a ke kira ƙwarya, faɗinsa yawanci bai wuce tafin hannu ba, na turkuɗi ma, wanda garin Kura kudu da Kano ya yi suna da shi, bai kai inci ɗaya ba. Sai an jera ƙwarya da yawa an ɗinke kafin a sami zane, balle riga. Ɗaura sabon zare kuwa a allera aiki ne mai cin rabin yini, ba mai son ya riƙa maimaita shi ko wane kwana biyu. Saboda haka masaƙi ya fi so ya yi wadari sau ɗaya ya yi ta saƙa makonni. Baturen nan Bajamushe mai suna Barth, wanda ya yi yawon ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta tufafin Kano da a ke kaiwa Tumbutu kaɗai ba su kasa kayan raƙumi 300 ba ko wace shekara. Mai karatu ya tuna fa, ko wane taƙi na wannan kaya sai da wani ya yi tafiya da zarensa tsakanin turaku.

Zancen zare ba zan tsawaita shi ba. Na tsaye ya kamata ya zama siriri mai murɗi sosai, don shi ke shan ja da gugar matsefi. Abawa ita ce mai kauri da laushi. Kawuna ya kan tsoma na tsaye cikin ruwan ƙullu mai ɗan kauri, ya matse, ya shanya, don gashin zaren ya kwanta kada ya riƙa kama ɗan'uwansa. Ba ya kuma yarda ya haɗa kaɗin mace biyu a gefe ɗaya. In dole ne ya haɗa, sai ya sassaɓa su, ɗaya na wannan ɗaya na waccan, domin hannun ko wace da irin murɗinsa, mai murɗi da yawa kuwa ba ya miƙuwa daidai da mai kaɗan. Masaƙan yanzu galibi zaren injin su ke saye, wannan wahala ta ragu gare su. Sauran wahalolin da zan faɗa suna nan yadda su ke.

Kafin a kafa turke ko ɗaya sai an yi lissafi, ko da ya ke tsofaffin masaƙa da kamu da gaba su ke yinsa, a ka, ba allo ba alli. Ga misali, da yadi da inci. A ce muna son zane huɗu, ko wane zane ƙwarya 12, ko wace ƙwarya tsawonta yadi 2, faɗinta inci 4. Zane ɗaya ya ci yadi 24, huɗu sun ci yadi 96. Amma zaren tsaye ba a miƙe ya ke cikin tufa ba, hawa ya ke yi bisa abawa yana sauka ƙarƙashinta, wannan hawa da sauka kuwa yana cin tsawo, kamar ɗaya bisa goma. Sai mu ƙara yadi 10. Sa'an nan akwai abin da zai tafi wajen ƙulli a farko, da abin da zai rage cikin allera a ƙarshe, a ce yadi 2. Tsawon wadarinmu ya zama yadi 108. In zare 40 ke cikin ko wane inci, faɗin ƙwarya ya ci zare 160. A ninka 160 da 108, sai a sami yadi 17,280, watau mil goma ba kaɗan. Mai wadari da zai ɗauki zare ɗaya ɗaya, tafiyar da zai yi ke nan. Shi ya sa a ke jera manyan kwarkwaro huɗu, ko takwas, a jikin sanda ɗaya mai tsinkunan ƙarfe, suna juyawa suna sakin zare tare. Da huɗu, sawu 40 zai yi, tafiyarsa ta komo yadi 4,320, kusan mil biyu da rabi.

Fili mai tsawon yadi 108 wanda ba awaki ba yara ba shi samuwa cikin gari. Sai a sami mai yadi 18, a kafa turaku layi biyu suna fuskantar juna, zare ya tafi ya komo sau shida kafin ya kai ƙarshe: turken farko, da biyar na juyawa, da na ƙarshe. Kusa da turken farko a ƙara kafa biyu, tsakaninsu kamar kamu guda. Waɗannan biyu su ne ran wadari. In za ka tafi, zare ya bi ta damar ɗaya ya fita ta hagun ɗayan. In ka komo, ya bi ta ɗaya hanyar, su gicciye a tsakiya. Wannan gicciye shi ke riƙe jerin zaren, na ɗaya, na biyu, na uku, ba mai tsallake wani, har a kai shi allera. In aka gama sai a zura igiya cikin ko wane gefe nasa a ɗaure tam kafin a taɓa turke. Wanda ya manta da wannan ɗauri ya cire zare, to, ba wadari ya ke da shi ba kuma, sai tarin ƙulle-ƙulle, kuka kuwa ba ya warware shi.

Yanzu mun iso ga babban al'amari. Zare ɗaya ba shi da ƙarfin da zai motsa turke. Amma in sun yi goma, sun yi hamsin, sun yi ɗari, ko wane yana ja kaɗan, sai turke ya fara sunkuyo da kai zuwa ciki a hankali, ido ba ya gani. In ya sunkuya, nisan da ke tsakanin layi biyu ya ragu, zaren da aka ajiye daga baya ya fi na farko gajarta. Abin ya fi muni ga wanda ke tara zare sama sama a jikin turke, gama kan turke ya fi gindinsa motsi. Mu koma ga lissafinmu. A ce ko wane turke ya sunkuya rabin inci kaɗai. Turken juyawa hanya biyu ya ke ragewa, ta zuwa da ta komowa, watau inci ɗaya. Su biyar, inci 5. Na farko da na ƙarshe rabi rabi, inci 1. Zare na 160 ya kasa na ɗaya da inci 6. Yadi 108 inci 3,888 ne, saboda haka bambancin ɗaya ne cikin 648. Mai karatu zai ce wannan ai ba komi ba ne, ni ma haka na ce. Amma tufa tana cin ko wane zare daidai da ɗan'uwansa, rarar da dogon ya ke da ita ba ta shiga tufa, turata gaba a ke yi tana taruwa. A yadi goma na fari rabin inci ne da ɗan kai, masaƙi ba ya ko lura. A tsakiyar wadari ta kai inci 3. A ƙarshe duk shidan sun taru wuri ɗaya. Don haka ne laifin wadari ba ya bayyana ran da aka yi shi, sai bayan kwanaki, sa'ad da gyara ya yi nisa.

Ga yadda na koyi wannan. Wata rana cikin farkon damina, an yi ruwa da dare, wani ɗan kasuwa ya ba kawuna aikin zannuwa na kayan aure, ya kuma sa rana. Kawu ya kafa turaku da sassafe ya fara wadari, ina biye da shi. Ya kai rabi sai ga manzo, an yi rasuwa a wani ƙauye kusa da mu. Ya dubi zare, ya dubi sama, ya ga hadari bai gama watsewa ba, in an bar shi a fili ruwa ya same shi. Ya miƙo mini sanda ya ce, "Ƙarasa, ka ga yadda na ke yi. Ka ɗaure gicciye, kada ka cire sai na komo." Murna ta kama ni. Na ce a raina yau Kawu zai san ya haifi magaji. Na ɗauki sanda na yi ta sauri, ina jan zare da ƙarfina duka har yana ƙara kamar tsirkiya, don a ganina tauri shi ne kyau. Ƙasa kuwa ga ta da danshi, turaku suna bin hannuna ban sani ba. Da ya komo magariba ta yi, bai duba ba, muka naɗe muka shiga gida.

Kwana biyu na fari saƙa ta tafi lafiya, har ya yaba mini gaban abokansa. Ran na huɗu gefen hagu, watau rabin da na yi, ya fara tsinkewa, ɗaya, can kuma ɗaya. Gefen dama kuwa ya saki, in ya taka sai waɗansu zaruruwa su ƙi tashi, ƙoshiya ta bi ta kansu ta bar tsalle a fuskar tufa. Ya warware abin da ke jikin takala ya shimfiɗa a ƙasa, sai ga ƙwarya ta karkata kamar lauje. Ya kira ni. Na ce, "Kawu, ai ja na yi sosai don kada ya saki." Ya ce, "Yaro, wa ya ce ka ja? Ajiye zare a ke yi." Bai buge ni ba, ina ma ya buga. Abin da ya yi ya fi bugu zafi: ya sa ni na zauna wajen kunkuru, ko wane lokaci aka kwance dunƙule sai in taje zaren nan da yatsuna, in tura rarar baya, in sake ɗaurewa. Ya kuma rataya ƴan duwatsu a jikin waɗanda suka fi saki. Da haka aka fid da zane uku, ba su kai irin aikinsa ba, amma sun karɓu. Na huɗu ya ƙi ɗinkuwa, in an daidaita wannan baki sai wancan ya tashi. Kawu ya sayi zane wurin wani masaƙi da kuɗinsa ya cika alkawari, namu kuwa aka sayar wa mai jakai ya yi akumari.

Maganar nan tasa, cewa ajiye zare a ke yi, ita ce dokar wadari. Zare ya bi ta tsakanin yatsunka da ɗan riƙo kaɗan, gwargwadon yadda ba zai ja ƙasa ba, riƙon nan kuma kada ya sake daga sawu na fari har na ƙarshe. Saboda haka mutum ɗaya ya fara, shi ya gama, cikin zama ɗaya, da tafiya iri ɗaya. Hannun mutum biyu ba ya zuwa ɗaya, hannun mutum ɗaya ma da safe dabam ne da bayan ya ci tuwo ya yi barci. Turaku su zama masu kauri, a buga su su shiga sosai, a ɗan karkatar da kansu waje. Ko wane sawu a danna zare ƙasa zuwa gindin turke. A kuma lura da kwarkwaro: cikakke yana sakin zare da sauƙi, wanda ya kusa ƙarewa kuwa sai ya juya sau da yawa kafin ya ba da taƙi ɗaya, don haka ya fi riƙewa. In an jera cikakke da mai ƙarewa a sanda ɗaya, an haɗa sako da tauri ke nan tun daga tushe. In zare ya tsinke, a tsaya a nemo bakinsa a ƙulla nan take. Ga kuma gwajin da ba ya ƙarya: bayan ko wane sawu goma, ka rufe ido ka ɗora bayan hannunka bisa zaren ka shafa daga na fari zuwa na baya. Fata tana jin abin da ido bai gani ba.

In an gama, bayan ɗaurin gicciye, a ɗaɗɗaure wadarin da ƴan igiyoyi nan da can bisa tsawonsa, don kada wani zare ya zame ya wuce ƴan'uwansa. Sa'an nan a cire daga turken ƙarshe a fara naɗewa, ana tafiya ana bin zaren, ba a tsaya wuri ɗaya a jawo shi ba. Naɗin ya yi tauri, gama dunƙule mai laushi in an ɗora shi a kunkuru na waje ya kan nutse cikin na ciki, tauri ya ɓaci. Wajen sa wa allera kuwa, masaƙi ba ya zura zare sabo. Ya kan bar wutsiyar tsohon aiki cikin allera da matsefi, sai ya riƙa ɗaukar sabo ɗaya daga gicciye yana haɗa shi da tsoho ɗaya, har 160. Nan ma in ƙulli ɗaya ya ci zare fiye da sauran, an sami gajere ɗaya.

Saura kunkuru. Mutane da yawa suna zaton nauyin dutse shi ke jan zare, kamar guga a rijiya. Dutse ƙasa ya ke danna katako, ƙasa kuma ta riƙe katako. Wannan riƙo shi ne taurin zare. In masaƙi ya saƙa kamar kamu guda sai ya juya takala ya naɗe, zare ya yi tauri har ya fi ƙarfin riƙon ƙasa, kunkuru ya ja ciki ya matso kaɗan ya tsaya. Wanda ya raɗa masa suna ya lura ƙwarai. Hikimar abin ita ce tauri ba ya wuce iyaka ɗaya: da ya kai, sai kunkuru ya sakar masa. Da a turke aka ɗaure zaren, da ko wane juyi na takala sai ya ƙara tauri har ya tsinke.

Amma tun da ƙasa ce ke riƙo, to, in ƙasa ta sake tauri ya sake, ko da dutse bai sake ba. Cikin rairayi bakin katako ya kan tara tudu a gabansa ya ƙi tafiya. A kan daɓe mai santsi ya kan zame da ɗan bugun matsefi. Bayan ruwa ƙasa ta kama shi kamar danƙo. Shi ya sa za ka ga masaƙi da safe yana share hanyar kunkuru, yana tsince tsakuwa, ba don tsabta kaɗai ba. Kawuna duwatsu uku gare shi, babba da madaidaici da ƙarami, ya san wanda ya dace da ko wane zare da ko wane lokaci, ba ya kuma ara wa kowa su. In dutse ya yi kaɗan, kunkuru ya riƙa satar tafiya, baki ba ya buɗewa sosai, abawa ba ta zama. In ya yi yawa, zare ya yi ta tsinkewa. In kuwa yau mai nauyi gobe marar nauyi, abawa ta matsu a nan ta saki a can, sai ran ɗinki a ga ratsin wannan ƙwarya ya ƙi haɗuwa da na waccan. Akwai kuma wani abu da kowa ya sani in ya taɓa jan kaya a ƙasa: tayar da shi ya fi ci gaba da jansa wuya. Saboda haka kunkuru in ya tashi ya kan ɗan zarce, zare ya ɗan saki. Gwani ba ya komawa saƙa nan da nan, sai ya ƙara murɗa takala kaɗan har ya ji kunkuru na shirin tashi, sa'an nan ya kafe ta.

Nisan kunkuru ma da dalilinsa. Ko wane taki na masaƙi buɗe zare ya ke yi sama da ƙasa, buɗewan nan kuwa miƙa zare ne. A ce miƙin inci ɗaya ne. In kunkuru yana nesa da yadi 10, watau inci 360, incin nan ya rarrabu cikin tsawon duka, ɗaya cikin 360. In ya matso ya rage yadi 2, inci 72, ya zama ɗaya cikin 72, wahalar zare ta ninka biyar. Don haka malalacin yaro wanda ke ƙyale kunkuru ya zo har bakin rumfa kafin ya mai da shi, shi ke jawo tsinkewa, ni kuwa na yi wannan lalaci ba sau ɗaya ba. Nisa mai yawa kuma da nasa aibi, zare ya yi ciki a tsakiya, iska ta riƙa kaɗa shi, kaji da awaki su mai da shi hanya. In za a mai da shi baya, a tsaya a duba ya zama sosai da takala. In ya karkata gefe, baki ɗaya ya fi ɗaya tauri. Lokacin hunturu kuwa, sa'ad da iska ta bushe, auduga ta kan yi gautsi. Auduga da ɗan danshi ta fi ƙarfi, shi ya sa a ke ɗan fesa wa zare ruwa, a ke kuma son saƙar safe.

Ƴan'uwana da za mu fita koyarwa, ina ganin akwai darasi a nan wanda ba ya bukatar sayen komi. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na rasa abin da zan ba yara a lissafin ninkawa wanda zai hana su hamma, sai na kai su bayan aji. Muka kafa turke biyu tsakaninsu yadi 5, ɗaya muka buga sosai, ɗaya muka bar shi sama sama. Na ba yaro ɗaya igiyar rama ya kewaya sau ashirin, muka yanke a bakin turaku, muka jera ta fari da ta ƙarshe a ƙasa, suka auna da kansu suka ga ta ƙarshe ta kasa. Sa'an nan na ba su lissafin zane huɗu ɗin nan, kowa ya fid da tafiyar mai wadari. Muka kuma ɗora dutse a katako suka ja shi a rairayi, suka ja shi a daɓen baranda, ba wanda na ce wa komi, su suka gaya mini bambanci. Muna cikin haka wani yaro, ashe ɗan masaƙi ne, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, babana in ƙasa ta jiƙe ƙaramin turke ya ke kafawa bayan babban, ya ɗaure kan babban da igiya ya ja shi baya." Shekara uku na yi a rumfa ban taɓa ganin haka ba. Na ce ya fito ya nuna mana. Ya kafa, ya ɗaure, muka sake kewayawa sau ashirin, muka yanke muka auna, ta fari da ta ƙarshe suka zo kai ɗaya.